Ba a kiwon kare ranar farauta

A wannan mako ina roƙon ku yi mini uzuri, domin zan ajiye zancen tsadar kaya da na albashi, in yi magana a kan abincin kare. Na san akwai wanda zai yi dariya, akwai kuma wanda zai tsuke fuska, tunda a bakinmu sunan kare zagi ne, kuma mutumin kirki ba ya son a ambace shi tare da shi. Amma duk wanda ya taɓa zagaya Magarya bayan sallar lisha ya san wanda ke kwana a bakin sito na ƴan kasuwa, da wanda ke tsaron gidan ma'aikaci idan an tura shi aiki Damagaram ko Yamai. Wanda ya je fadamun Waca da Bande ya san wanda ke korar ɓarayin rake da rogo. Makiyayin da ke kora garke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis shi ma ya san wanda ke farkawa idan dila ya matso. Aiki na kare, godiya ta maigida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da na gani a yawancin gidajenmu shi ne, wannan mai gadi ba shi da kwano, ba shi da rabo, sai abin da ya tsinta a juji.

Ni dai a hannun mafarauta na koyi cewa kare ma ana yi masa girki. Ina da kawu a wani ƙauye na ƙasar Dungas, tun Dungas tana ƙarƙashin Magarya, kafin a ba ta gundumarta a shekarar 2011. Yana da karnuka huɗu, kuma idan an gama girbi, an shiga rani, da su yake fita neman zomo da gafiya da zabon daji. A cikin burgaminsa kullum akwai wasu ƴan dunƙule masu kama da ƙuli-ƙuli, waɗanda matarsa ke yi. Idan ya yi fito kare ya dawo, sai ya jefa masa ɗaya. Idan kare ya kamo zomo ya ajiye bai taɓa ba, sai ya ba shi biyu. Da waɗannan dunƙule ya horar da su, ba da sanda ba. Shi ne yake cewa ba a kiwon kare ranar farauta, kamar yadda ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ina da kare guda a gidana, kuma har yanzu girkin matar kawu ake yi masa.

Ga yadda ake yi, ga mai so. A sami dusar gero ko tsaki kwano guda. Idan akwai ƙanzon tukunyar tuwo, a jiƙa shi a haɗa. A je wurin mahauta a sayo huhu ko tumbi na dala hamsin, a tafasa shi da ruwa zalla har ya nuna sosai, a yayyanka ƙanana, a ajiye romon. A dafa kabewa ko dankali kaɗan a murje. A sami tunkuza wajen mata masu matsar man gyaɗa, tun ba su sa mata gishiri da yaji ba, kamar rabin kwano. Sai a zuba dusar cikin romon a kan wuta, a tuƙa har ta dahu, domin cikin kare ba ya narkar da ɗanyen hatsi yadda na akuya ke yi. Idan ta huce a haɗa da sauran, a cuɗa, a dunƙula kamar girman goro, a gasa a kasko bisa garwashi marar ƙarfi, sannan a shanya a faifai a kan rufi kwana biyu ko uku har su bushe ƙamas. A rani sukan yi mini mako biyu a cikin gwangwani mai murfi. Da damina kuwa sai a yi kaɗan kaɗan, saboda raɓa. Wannan dunƙule tukuici ne da abin horo, bai maye gurbin abincin yini ba. Likitocin dabbobi suna cewa kada irinsa ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da kare ke ci a rana.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wannan girki ko kaɗan. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare, su bar shi da kasala da farin dasashi. Saboda haka sauran miya da ɓarɓashin kilishi ba alheri ba ne gare shi. Gishiri mai yawa da dunƙulen maji suna wahalar da shi. Goro da shayi da kafe da cakulan suna ɗauke da abin da ke hargitsa bugun zuciyarsa. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa yakan tsage kamar allura, ya soke maƙogwaro ko hanji. Hanta kuma, ko da tana da amfani, ba a ba da ita kullum.

Sai a kula da gyaɗa ƙwarai. Mu ƴan wannan yanki ba a koya mana gyaɗa, tunda ƙasar Magarya tana cikin wuraren da suka cika buhunan SONARA bayan an kafa ta a 1962. Amma gyaɗar da ta yi fumfuna tana haifar da wata guba da masana ke kira afalatokzin, wadda ke cin hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, kuma binciken wannan annoba ne ya tono gubar. Kare yana cikin dabbobin da ta fi saurin kayarwa. Don haka tunkuza ko ƙuli-ƙulin da ya canza launi, ko ya yi ɗaci, a binne shi. Abin da ba za ka ba ɗanka ba saboda ruɓa, kada ka ce kare zai iya.

Haka nan dalilin tafasa kayan ciki ya wuce zancen daɗi. Mahauta sun san huhu ko hantar da ake samu da ƙululu masu ruwa a ciki, kuma al'adar da aka saba ita ce a yanke wurin a jefa wa karnukan da ke jira a bakin mayanka. Waɗannan ƙululu ƴaƴan wata tsutsa ce. Idan kare ya ci su ɗanye, tsutsar takan girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa, su bi ciyawa da ƙasa da ruwa, su koma cikin tumaki, wani lokaci su shiga cikin yaron da ya yi wasa a tsakar gida ya ci abinci bai wanke hannu ba. A jikin mutum ƙululun kan yi shekaru yana girma a hanta, har sai an kai ga fiɗa. Tukunya guda ta ruwan zafi tana yanke wannan zagaye.

Yanzu bari in amsa wa mai tsuke fuska. Zai ce: a ƙasar da ta ga yunwar 1984 da ta 2005, a ƙasar da bako ke wahalar da talaka kowace shekara kafin sabon gero, ina kunyar mai yi wa kare girki? Magana ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Amma a duba abin da na lissafa: dusa, ƙanzo, tsaki, guntun huhu. Ban ce a ɗebi tiya daga rumbun yara ba. Wanda ba shi da halin ba kare ko wannan, to ya bar ajiye kare, domin ɗaure dabba da yunwa zalunci ne. Hadisi ya ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba; ya kuma ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa domin ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Shari'a ta yarda da kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma malamanmu na Malikiyya suna ɗaukar duk dabba mai rai a matsayin mai tsarki, ko da yake ana wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Ana ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da muke karantawa a zaure, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Wanda aka halatta maka aikinsa, haƙƙin cikinsa yana wuyanka.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Idan alamunsa suka bayyana, sai dai a yi haƙuri. Tun 1885 Luwi Fasta ya gwada allurarsa a Faransa a kan wani yaro da kare ya ciza, yaron ya rayu, amma har yau muna binne mutane saboda shi. Karen da ba a ciyarwa a gida shi ne ke kwana a juji da mayanka, yana faɗa da karnukan da ba su da ubangiji, ya dawo da ciwo cikin yara. Karen da ya saba karɓar dunƙule daga hannunka kuwa yana zama a gida, yana amsa kira, kuma ranar da za ka kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa allurar rigakafi, zai tsaya ka riƙe shi. Wanda bai san hannunka ba, ko mutum uku ba su kama shi. Idan kuma tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce likita a ranar, kada a tsaya jiran gani.

Turawa sun mai da wannan abu ciniki tun wajen 1860, lokacin da wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskitin kare a Landan. A yau ana samun irinsa cikin leda a manyan kantunan Yamai da Kano, da tsadar da ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, kuma ledar ba ta hana haɗari ba: a 2007 an janye abincin karnuka da kyanwoyi mai yawa daga kasuwannin Amurka saboda gubar da aka samu a ciki. Mu kuwa abin da muke buƙata yana cikin turmi da tukunya, kuma mun san abin da muka zuba.

Saboda haka, Alhaji mai sito, da kai Malam ma'aikaci, idan kuna lissafin ƙarshen wata, kun sa kuɗin wuta da na ruwa da na mai gadi, ku sa dala hamsin ta huhu, ku ce wa uwargida kada a zubar da ƙanzo. Ku ware masa kwanonsa da ruwansa nesa da na mutane, ku kai shi allura kowace shekara. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dabbobinmu, amin.