Danna Ɗaya, Danna Biyu

Ran da bus ɗinmu ta fito, na tura ma Inna jikka goma ta talho don ta sayi maganin hawan jini. An cire kuɗin daga wurina, can gida ko dala ba ta shiga ba. Ƙanena ya kira ya ce mai kanti na jira, kuma maganin da ya rage na kwana biyu ne.

Na kira lambar kamfanin. Wata murya mai sanyi ta ce in danna ɗaya, in danna biyu. Na danna har yatsa ya gaji, ta maido ni inda na faro. Daga ƙarshe ta ce in rubuta ma "mataimakinsu" a WhatsApp.

Na rubuta: "Salamu alaikum, kuɗina sun maƙale, jikka goma." Bai amsa sallama ba. Da Faransanci ya ce bai gane ba, in sake tambaya. Na sake, ya sake. Sai da na juya harshe na ce 10.000 sefa sannan ya ba ni lambar koke, ya kuma tambaye ni ko na gamsu. Wallahi dariya na yi, irin wadda ba ta daɗi ba.

A ajin ilimin harshe mun san dalili. Waɗanga na'urori daga rubutu suke koyo, rubutun Hausa kuwa kaɗan ne a intanet, mafi yawansa Hausar Kano, sau da yawa ba ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. Ina zai ji cewa dala sefa 5 ce, jikka kuma dala 200? Lissafin da ƴar tallan ƙosai ke yi da ka, shi bai taɓa cin karo da shi ba.

Amma ba rashin ganewar ya fi ci mini rai ba. Mutum in bai ji ka ba, cewa yake "mi ka ce?", ya matso, ku lalubo tare. Shi wanga ba ya matsowa, ba ya jin kunya, ba wanda za ka riƙe.

Washegari na biya kabu-kabu zuwa ofishinsu. Wata mata ta duba, minti biyar ta warware. Ta ce: "Ƙanena, ya mai jiki?"

A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Ni lakwal ta cece ni, na juya zuwa Faransanci. Da Inna ce ke riƙe da talhon, da wa za ta yi magana? Ƴan uwa, ko Hausar gidanmu ba mu cika rubutawa ba. In ba mu rubuta ta ba, mu kuma matsa a bar mutum a ƙarshen layi, gobe Inna za ta yi sallama a ƙofar da ba kowa ciki.