Abin da ƙurar Farfaru ta koya mana a kan filtar iska



A watan Janairun 2024 muka tashi daga Katsina zuwa Farfaru, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, mu da uwargida da ɗalibanmu biyu na kwaleji, domin mu gaishe da wani dattijo da ya daɗe a kwance. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe ko'ina, rana tana sama amma sai ka dube ta ido da ido. A lokacin iyakarmu da Nijar a rufe take tun bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ta ba sai cikin Maris 2024. Mai kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Duk wanda ya san hanyar Jibiya a shekarun nan ya san ba a so magariba ta riski mutum a kanta, saboda haka muka yi shirin barin Farfaru da ƙarfe uku.

Motarmu tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano. Tun wajen tafiya muka ji ta yi nauyi. Mu taka totur, ta yi gurnani, amma ba ta ci gaba yadda ta saba. Sau biyu muka yi niyyar wuce babbar mota muka fasa. Muka ɗora laifin a kan mai, muka ce wataƙila gurɓatacce aka zuba mana. Da muka gama gaisuwa muka fito, sai abin ya ƙaru, har tana neman mutuwa a cikin yashi. Uwargida ba ta ce komai ba, agogo kawai take dubawa. Ɗaliban nan biyu kuwa amana ce a hannunmu, iyayensu ba su ma san mun fito da su ba.

Wani saurayi da ke gyaran babura a gindin bishiya ya taso ya gaishe mu. Ya ce, "Baba, yaushe rabonka da duba iya-kilina?" Muka ce ai an yi mana sabis kafin Kirsimeti, kuma cikin lissafin har da kuɗin filta. Ya ce, "To buɗe bonet mu gani." Da yatsu biyu ya ɓalle maƙalan wani baƙin akwatin roba, ya ɗaga murfin, ya zaro filtar. Mun ji kunya. Takardar da ya kamata ta zama fara ta koma launin ƙasar Jibiya, tsakanin ninkinta ya cushe kamar an yaɓa laka. Ya ɗaga ta sama wajen rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba, sai a wuri guda, inda ta yage. Ya sa yatsa cikin bututun da ke zuwa injin, ya fito da shi da ƙura. Ya ce, "Baba, wannan ba a sake ta ba. Busa ta aka yi da iskar faci har ta fashe."

Shekaru goma muna tuƙi, muna koyar da mutane, amma ba mu taɓa buɗe akwatin nan ba. Bayan mun dawo gida muka zauna muka nemi sanin abin, ga kuma abin da muka fahimta.

Injin fetur ba mai kaɗai yake ci ba, iskar da yake ja ta fi man yawa nesa ba kusa ba. Ƙa'idar ƙonewa mai kyau ita ce kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace litar fetur guda tana buƙatar iska wajen lita 9,000. Duk iskar nan ta cikin takardar nan guda take bi. Ku tuna kuma irin iskarmu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta sauke mana a Katsina da Maraɗi da Kano. Abin da kuke gogewa a kan kujerun majami'a kowace safiyar Lahadi, shi ne motarku take shaƙa.

Idan filta ta toshe, injin ba ya samun iskar da ta ishe shi. A tsofaffin motoci masu kafireta, mai ya kan yi wa iska yawa, sai shan mai ya ƙaru, baƙin hayaƙi ya fito ta salansa, filogi ya yi baƙi. A motoci masu injekta irin tamu, kwamfutar motar tana rage mai daidai da iskar da ta samu, don haka ba lalle ka ga bambanci sosai a gidan mai ba, amma ƙarfi zai tafi, kuma a lokacin da ka fi buƙatarsa, wato wajen wuce mota ko fita daga yashi. Filtar da ta yage ta fi wadda ta toshe haɗari. Ƙura yashi ce mai laushi, idan ta shiga silinda sai ta riƙa cin ringi da bangon silindar a hankali, ta gauraya da baƙin mai ta zagaya ko'ina. Ba a jin ɓarnar a rana ɗaya. Sai bayan watanni ka ga mota tana shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi. Tamu haka ta yi kafin damina ta ƙare, kuma abin da muka kashe wajen sake ringi ya isa ya sayi filta ta shekaru masu yawa.

A ranar dai saurayin nan ya bubbuga filtar a hankali a tafin hannunsa, ƙura ta zubo, ya goge akwatin, ya mayar. Ya ce kada mu kuskura mu cire ta mu tafi haka nan, mu lallaɓa zuwa Jibiya mu sayi sabuwa. Muka ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce, "Haba Baba, ai ban yi aikin komai ba." A Jibiya muka samu a shago na biyu, muka sa da hannunmu a bakin titi, ɗalibai suna riƙe da murfi. Bai kai minti biyar ba. Motar ta dawo hayyacinta, muka shiga Katsina da sauran haske.

Ga yadda ake yi, domin da yawanku kuna tuƙa motar gida ko ta aiki.

Ka tsaya a wuri mai kyau, ka kashe injin, ka ja birkin hannu, ka buɗe bonet. Nemi baƙin akwatin roba wanda wani bututu mai kauri ya fita daga jikinsa zuwa injin. Wasu akwatunan maƙalan ƙarfe ne ke riƙe da su, wasu kuma sai da sukundireba. Ka buɗe, ka ɗaga murfin a hankali. Kafin ka zaro tsohuwar, dubi yadda take zaune, in kana da waya ka ɗauki hotonta. Ka goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan danshi, ka kula kada datti ya faɗa cikin bututun. Idan ka ga wata 'yar na'ura mai waya a wuyan bututun, kada ka taɓa ta, ita ce ke auna iskar da ke shiga, kuma tana da tsada. Sai ka zaunar da sabuwar yadda tsohuwar take, bakin robarta ya kwanta daram a kowane gefe. Idan murfin ya ƙi rufuwa, kada ka danne da ƙarfi, filtar ce ba ta zauna ba ko ba girmanta ba ne. Ka mayar da maƙalai duka, ko guda kada ka bari.

Wajen saye, ka tafi da tsohuwar a hannu, ka kuma san sunan motarka da shekararta. Ka haɗa su biyu gefe da gefe. Dubi robar bakin ko tana da taushi kuma ba ta tsage ba, dubi ninkin takardar ko yana da yawa kuma a jere yake. Mai arha da bakinta bai rufe ba, ƙura ta gefe za ta bi ta wuce.

Littattafan motoci yawanci sukan faɗi yawan kilomitar da za a yi kafin a sake ta, amma sukan ƙara da cewa a wuri mai ƙura a riƙa dubawa tun kafin haka. Mu dai yanzu muna dubawa duk wata a lokacin hunturu, muna kuma sa sabuwa da zarar hazo ya wuce. Ba a wanke ta takarda da ruwa ko fetur, ba a kuma busa ta da iskar faci mai ƙarfi. Masu babur da janareta, ku duba naku: wasu na soso ne, su ana wanke su, a bar su su bushe, a shafa musu ɗan mai kaɗan. Idan kuma bakanike ne ya yi muku sabis, ku ce ya ba ku tsohuwar filtar a hannu. Wannan ba zargi ba ne, kuma bakanike na kirki ba zai ji haushi ba.

Ba mu koma garejin nan da faɗa ba. Da muka yi tunani, mun ga rabin laifin namu ne, tun da mun ɗauki mutane uku a mota muka hau hanya irin wannan ba tare da mun duba abin da yatsu biyu ke buɗewa ba. Mun dai gaya wa mai garejin abin da ya faru, a keɓe, ya kuma ba da haƙuri. Da muka sake zuwa Farfaru jana'izar dattijon nan, mun nemi saurayin muka yi masa godiya a gaban maigidansa.

Ranar Asabar mai zuwa bayan taron zumunta, za mu ajiye Corollar a harabar majami'a da bonet a buɗe. Duk mai mota ko babur ya zo da shi, 'yan mata ma kada ku tsaya daga nesa, kowa zai ɓalle maƙalan da hannunsa. Wanda yake da sukundireba ya taho da ita.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.