Masu Son Mota a Garinmu

Ina ɗan shekara tara na fara gane mota da kunne. Gidanmu a Kunci yana bakin hanya, kuma tun ƙura ba ta bayyana ba nakan faɗa wa ƙannena cewa wannan J5 ce, waccan kuwa Golf ce da aka labta wa buhunan gero fiye da ƙarfinta. Da wuya in kuskure.

Sai da na shiga jami'a na ga cewa a wasu wurare mai son mota yakan zama likita ko ma'aikacin banki, ya tara kuɗi ya sayi abar da ransa ke so. A garinmu masu son mota ba su mallake ta ba. Direba ne da ke kai wa mai ita kuɗi duk yamma, da yaron mota, da mai faci, da ɗan kamasho a tasha. Sai kuma kawuna, bakanike, wanda duk abin da na sani daga gare shi ya faro.

Kawu ya koyi aiki a kan Fijo 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma har yau idan ya ambace ta kai ka ce tsohuwar budurwarsa yake tunawa. Yakan ɗora kan sukuddireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, sannan ya faɗi ciwon. Amma motocin da ake shigowa da su yanzu kwamfuta ke sarrafa su, ba su da kafiretar da zai kwance ya hura. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobi da dama suka jingine motocinsu, shi kuma ya koma gyaran babura da injinan ban-ruwa. Bai taɓa kuka da haka a gabana ba.

Ni kuwa shanun noma biyu Baba ya sayar domin in yi digiri a fannin tattalin arziki. Ofis yake hango mini. Da na gama bautar ƙasa, sai na haɗa abin da na tara na sayi na'urar da ake jonawa a mota ta karanto matsalarta, na nemi gurbi a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa a Kano. Wata uku ban iya faɗa masa ba. Ranar da na faɗa, bai yi faɗa ba, da ma ya yi ɗin da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi: “To, me zan ce wa mutane?”

Har yanzu ba ni da amsar da za ta gamsar da shi. Abin da nake samu yana ciyar da ni, yana sayen takin gonarsa, amma baƙin man da ke ƙarƙashin farcena ba ya fita ko ranar Juma'a, kuma na lura idonsa yakan sauka a kansa idan muna cin tuwo.

Da Sallar bana na kai na'urar wurin Kawu. Muka jona ta a wata Toyota da ke fizga, ta nuna silinda ta uku ce ba ta ƙona mai. Ya juya ta a hannu, ya miƙo mini, ya ce tun motar tana kwana ya ji hakan.