Wayar ɗalibin likita da karatun zanen zuciya

Cikin darussan da ke ba ɗaliban likita wuya akwai karanta zanen bugun zuciya, wanda ake kira ECG a asibiti. Ni malamin lissafi ne, ƴata ce ke karatun likita, ta wurinta na san yadda abin yake.

Willem Einthoven, mutumin Holan da ya samu kyautar Nobel a 1924, shi ya sa wa tuddan zanen sunayen P, Q, R, S da T. Ana manna wa maras lafiya wayoyi 10, injin ya fitar da zane 12. Takardar na tafiya milimita 25 a daƙiƙa, don haka kowane babban gida kashi ɗaya ne cikin biyar na daƙiƙa. In bugun na tafiya daidai, sai a ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin R biyu, a raba 300 da su, a samu yawan bugu a minti. Wannan lissafi ɗan aji shida ma zai iya. Wuyar na wajen ido: gane toshewar jijiyar zuciya tun maras lafiya bai galabaita ba. Ido kuwa sai da maimaici, kamar hadda.

Nan intanet ta yi rana. Shafuka irin su Life in the Fast Lane da ECG Wave-Maven na ba da zane-zane masu yawa kyauta, da Turanci, e-cardiogram na Dakta Pierre Taboulet kuma da Faransanci. Ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram zai ga ciwon da sai ya daɗe a asibiti kafin ya gamu da shi.

Sai dai na lura da abu biyu. Wanda ya leƙa amsa kafin ya rubuta tasa, kallo ya yi, bai koya ba. Kuma zanen shafi zaɓaɓɓe ne, na asibiti kuwa yakan zo da makyarkyatar mai zazzaɓi, ko an musanya wayar hannun dama da ta hagu, zanen farko ya kife.

Don haka malamai, ku riƙa miƙa wa ɗalibi takardar gaske a bakin gado, ya karanta da ƙarfi kuna ji. Mu iyaye kuma, in an roƙe mu kuɗin intanet, mu bayar, amma mu ce a nuna mana littafin da ake rubuta amsoshi.