An yi ciniki da baki, saura a fahimtar da manhaja

1/ Jama'a, aikina shi ne saita farashi a manhajar cajin kuɗi ta wani kamfanin tura saƙon tes. Kowa na biyan iya abin da ya tura, kamar mitar wuta. Wahalar tana zuwa ne idan babban kwastoma ya nemi ragi aka ce masa "an sallama".

2/ Misali: an yi da shi cewa saƙo 100,000 na farko ₦4 kowanne, in ya wuce haka ₦3. Ya tura 150,000. Nawa zai biya? Amsa biyu ce, kuma Stripe na ba ka damar zaɓar kowacce.

3/ Hawa-hawa: 100,000 a ₦4, sauran 50,000 a ₦3, jimilla ₦550,000.
Dunƙule: duka 150,000 a ₦3, jimilla ₦450,000.
Bambancin ₦100,000 a wata ɗaya, alhali kowa na ganin shi ke da gaskiya.

4/ Dunƙulen ma yana da abin mamaki. Mai saƙo 90,000 zai biya ₦360,000, mai 101,000 kuma ₦303,000. Wanda ya fi tura saƙo ya fi biya kaɗan! Kwastoma mai wayo zai cike gurbin da saƙon banza.

5/ Shi ya sa ba na taɓa farashin kowa da kowa. Farashin Alhaji daban nake ƙirƙira, in ɗaura shi a kan asusunsa kaɗai. A Stripe ma ba a gyara adadin farashin da aka riga aka ƙirƙira, sai dai ka yi sabo.

6/ Kafin in danna komai, sai an rubuta mini: yaushe ragin zai fara, yaushe zai ƙare, kuma harajin VAT na 7.5% yana ciki ko a sama? Ragin da ba shi da wa'adi, kwastoma gado zai ɗauke shi.

7/ Ku kula da kobo. Paystack a kobo yake karɓar adadi, wato ₦3 sai ka rubuta 300.

8/ A ƙarshe ina fitar da takardar kuɗi ta gwaji, in tura wa kwastoma ya duba lissafin da idonsa kafin wata ya ƙare. Gardamar da za a yi a ranar biya, gara a yi ta tun kuɗi bai fita daga aljihun kowa ba.

Masu harkar nan, wanne kuke saka wa manyan kwastomominku, hawa-hawa ko dunƙule?