Allon farashi na lantarki: kafin ku zargi batir, ku duba layin da kuka zaɓa

1/ Jama'a, yau kan allunan farashi na lantarki zan yi magana, ƙananan nan da ake maƙalawa a bakin kanta a manyan shaguna. Aikina haɗa intanet da na'urori ne, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne: "An canja farashi a kwamfuta, allo bai canja ba." Ku biyo ni.

2/ Allon nan yawancin rayuwarsa barci yake yi. Fuskarsa ba ta cin wuta sai za ta sauya rubutu. Yakan farka na ɗan lokaci ya saurari na'urar da ke silin, mu kira ta uwa. In da sabon farashi ya karɓa, in babu ya koma barci. Shi ya sa ƙaramin batir ke kai shi shekaru.

3/ To ga inda gizo ke saƙar. Da yawansu a zangon 2.4 GHz suke magana, inda Wi-Fi da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci suke. Allo raɗa yake yi, Wi-Fi kuwa makaɗin gidan biki ne. In kika zauna kusa da makaɗi, me za ki ji?

4/ In bai ji ba sai ya sake saurare, uwa ta sake turowa. Kowane maimaici batir yake ci. Mai shago ya ce an sayar masa da jabu, alhali kayan lafiyarsu ƙalau.

5/ Yanzu lissafi. Layukan Wi-Fi da ba sa hawa kan juna uku ne: 1, 6, 11. Tsakiyarsu 2412, 2437 da 2462 MHz, kowanne faɗinsa kusan 20 MHz. Saboda haka akwai 'yan lunguna: wajen 2425, wajen 2450, sai daga 2475 zuwa 2480. Nan nake kai uwa.

6/ Amma don Allah kar lamba ta ruɗe ku. A tsarin Zigbee layuka daga 11 zuwa 26 suke, kuma layi na 11 ɗinsa 2405 ne, wato ƙarƙashin Wi-Fi na 1. Shi kuwa 11 na Wi-Fi yana can 2462. Wasu kamfanonin ma nasu lambobin daban. Ni ba na tambayar layi na nawa, MHz nawa nake tambaya. A Zigbee lungunan su ne 15, 20, 25, 26.

7/ Lungunan nan suna nan ne kawai in Wi-Fi ya tsaya inda aka ajiye shi. Ka bar shi ya zaɓi layi da kansa, gobe ya koma 3 ko 8 ya danne allunanka. Ka buɗe faɗinsa zuwa 40 MHz, ya cinye lungu. Inda aka halatta layi na 13, tsakiyarsa 2472, shi ma ya rufe lungun sama.

8/ Don haka ni da Wi-Fi nake farawa. In kafe shi a 1, 6, 11, faɗi 20. Duk abin da ke iya 5 GHz in kora shi can. Sai an gama wannan nake taɓa uwa.

9/ In shago babba ne uwa ɗaya ba ta isa. Biyu da ke jin juna ba a ba su layi ɗaya, sai a maimaita layi a can ɗaya ƙarshen ginin. Kuma kar a liƙa uwa jikin na'urar Wi-Fi, ko bayan firji da kantar ƙarfe. Ƙarfe tare sigina yake.

10/ Abin da muke yawan sa-in-sa da masu shago a kai: lokacin awo. Sun fi son in zo da dare bayan an rufe. Na gane, ba sa son tsani a gaban kwastoma. Amma da dare iska shiru take. Ranar Asabar da yamma, wayoyi cike da shago, wasu sun kunna hotspot, maƙwabci ya kunna nasa Wi-Fi, nan gaskiya take fitowa.

11/ Wani zai ce ai a 2023 Bluetooth 5.4 ya zo da tsari na musamman don allunan nan, kuma yana tsalle tsakanin layuka. Haka ne, ya rage wahala. Amma har yanzu a zangon 2.4 yake, cunkoso na taɓa shi.

12/ Me ya sa na damu haka? Baiwar Allah ta ga farashi a kanta, ta lissafa da kuɗin hannunta, ta zo wajen biya an ce ya fi haka. Ba ruwanta da MHz. Cewa za ta yi an cuce ta, kuma yarinyar da ke karɓar kuɗi ce za ta sha faɗan.

13/ In kuna da allunan nan, ku tambayi mai haɗa muku abu biyu: a MHz nawa uwa take, kuma an kafe Wi-Fi ko an bar shi yana yawo? In ya fara kame-kame, a sake awo. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan Isha'i in sha Allah.