Bencin Bayan Gareji

Na fi shekara arba'in ina gyaran manyan motoci a Magazin ta Suame, a nan Kumasi. Daga Bawku na zo ina yaro, na koyi aiki a hannun wani masta, har ni ma na sami yara a ƙarƙashina. A wurinmu, in injin ya yi maka gardama, ba abin kunya ba ne ka tsallaka gareji na gaba ka kira maƙwabcinka ya sa kunne. Sau da yawa yakan ce, "Ai na taɓa gamuwa da irin wannan," ya nuna maka inda za ka kwance. Haka muka rayu. Amma sa'ad da jikina ya fara nasa gardama, sai na kasa tsallakawa wurin kowa.

Da fitsarin dare abin ya soma. Nakan tashi sau huɗu, wani lokaci sau biyar, in na je kuwa sai in tsaya ina jira kamar mai roƙo. Na ce tsufa ne. Na sayi maganin kwalba a wurin wani mai talla a cikin trotro tsakanin Kejetia da Suame, na shanye kwalba uku. Wani dare a farkon 2022 fitsarin ya tsaya gaba ɗaya. Marata ta kumbura, ina ta murƙususu a ƙasa, sai babban ɗana ya ɗauke ni zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda mu duka muke kira Gee. Aka sa mini roba, na sami sauƙi. Daga nan aka ɗebi jini, likita ya duba ni da yatsa ta baya, bayan makonni aka tsinko nama kaɗan kaɗan da allura aka kai ɗakin bincike.

Ranar da sakamako ya fito, likita ya zaunar da ni ya yi bayani da haƙuri, da Turanci da Asante. Amma tun da ya ce "kansa" kunnena ya toshe. Ina ganin bakinsa yana motsi, ni kuwa ina tunanin wa zai biya wa autana kuɗin makaranta. Na fito da takardu a hannu, ban san abin da ke cikinsu ba, ban kuma yi tambaya ko ɗaya ba.

Wata biyu na yi ban gaya wa kowa ba, sai ɗana da ya riga ya sani, shi ma na sa ya yi mini alkawarin yin shiru. Uwargidana na ce mata ciwon mara ne. A majami'a, da aka zo lokacin roƙon addu'a, na miƙe na ce ina da wata damuwa da Allah ya sani. 'Yan'uwa suka yi mini addu'a da zuciya ɗaya, ban raina ba. Sai dai bayan sujada kowa ya tafi gidansa, ni kuma na koma da tambayoyina cif. Za a yanke ni ne? Zan ƙara iya kusantar iyalina? Shekara nawa ta rage? Ba wanda zai amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Ɗana ya yi ƙoƙari. Da dare yakan zauna da wayarsa yana karanto mini abin da ya samu a intanet. Wani shafi ya ce cutar ba ta cika kisa da sauri ba, wani ya nuna hotunan da suka hana ni cin tuwo. Yawancinsu labarin Amurka ne da Ingila, da injuna da magungunan da ban san ko akwai su a nan ba. A rediyo kuma kullum akwai mai cewa yana da ganyen da ke warkar da ita cikin mako biyu. Na rasa na kamawa.

Ranar da na koma asibiti, ina zaune a layi, sai na hango wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota a Magazin. Mun fi shekara ashirin muna ciniki. Ya gan ni, na gan shi. Na sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a aljihu, shi ma ya juya yana kallon bango. Tsofaffi biyu da furfura, muna ɓuya kamar yaran da suka saci mangwaro.

Bayan kwana uku sai ga shi a garejina da yamma, yara sun tashi. Muka gaisa, ya zauna a bencin da ke bayan rumfa, ya ce, "Masta, kai ma ruwan ya ci ka ke nan?" Na yi shiru. Ya ce, "Ni shekarata uku da shi. Ga ni nan, ban mutu ba. Kawo takardunka mu gani."

Alhaji ba likita ba ne, shi da kansa ya faɗa. Amma ya riga ni shiga hanyar, ya kuma iya tambaya. Shi ya fara bayyana mini da Hausa abin da ke damuna. Mutane sukan ce kansar mafitsara, amma ba mafitsarar ba ce. Wani ɗan ƙululu ne mai kamar girman goro, a ƙarƙashin mafitsara, maza kaɗai ke da shi, likitoci suna ce masa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta bi, shi ya sa in ya kumbura yakan matse ta, kamar yadda za ka taka tiyo da ƙafa. Yawancin tsofaffi nasu yakan kumbura ba tare da kansa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce kansar kanta, a farkonta, sau da yawa ba ta nuna alama ko kaɗan. Mutum yana cin abincinsa, yana aikinsa, tana nan.

Ya ɗora yatsa a kan haruffa uku, PSA. Ya ce wannan gwajin jini ne. In lambar ta hau, alama ce a ƙara bincike, ba hukunci ba ce, gama kumburi kawai ko wani ciwo na hanyar fitsari yana iya ɗaga ta. Naman da aka tsinko shi ne ya tabbatar. Sa'an nan ya nuna mini wata lamba da ake kira Gleason, wadda takan kama daga 6 zuwa 10, tana nuna zafin cutar. Tawa 7 ce. Ya ce, "Ba ta ƙasa ba ce, ba ta sama ba ce. Babbar tambaya ita ce ko ta fita daga wurinta ta shiga ƙashi. Ka tambaya?" Na ce a'a. Ya girgiza kai. "Kai da ba ka karɓar mota sai ka tambayi direba tun yaushe ta fara hayaƙi!"

Ya sa na kira ɗana, muka rubuta tambayoyi a bayan wata tsohuwar takardar rasit. Ranar ganin likita na fito da ita ina jin nauyi, ina tsammani zai ce na cika surutu. Sai ya karɓa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hoton da aka ɗauka ya nuna ba ta shiga ƙashi ba. Ya ce akwai hanyoyi: wasu akan yi musu fiɗa a cire ƙululun, wasu a gasa wurin da hasken inji, wasu a haɗa da allurar da ke rage sinadarin maza wanda cutar ke ci, waɗanda tasu ke da sanyi ƙwarai kuma akan bar su ana dubawa a kai a kai. Ni aka zaɓa mini gashi da allura, bayan ya gaya mini amfanin kowace hanya da wahalarta. Gashin a nan Gee aka yi mini, kwana biyar a mako, har makonni bakwai da 'yan kwanaki. Allurar kuwa a fatar ciki, duk wata uku.

A nan ne na ga amfanin wanda ya riga ka. Alhaji ya gaya mini tun da wuri cewa za a ce in sha ruwa in riƙe fitsari kafin in hau injin, in kuma lissafa lokacin fitowata daga gida saboda cunkoson shataletalen Suame. Ya ce gashin ba ya zafi a lokacin, amma daga baya zan ji raɗaɗi wajen fitsari, cikina zai iya ɓaci, gajiya kuma za ta kama ni. Ya ce allurar za ta sa zufa ta riƙa keto mini ba gaira ba dalili, ko da sanyin asuba. Duk sun faru. Da ban ji daga bakinsa ba, da na ce cutar ce ta ƙaru, da wataƙila na gudu na koma wa masu kwalba.

Akwai maganar da ya bari sai ƙarshe. Ya rage murya ya ce, "Ƙarfin namiji zai tafi, ko ya ragu ƙwarai. Wasu yakan dawo musu bayan an daina allurar, wasu ba ya dawowa. Ka gaya wa uwargida kafin ta fara zargin kanta ko ta zarge ka." Wannan ya fi mini gashin wuya. Na yi kwanaki ina juya maganar. Da na faɗa mata, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Baban yara, wata nawa ina kwana da zullumi, ina cewa ko wata ce ta shiga tsakaninmu. Ashe kai kaɗai kake ɗauke da wannan?" Ta yi kuka, ta yi fushi kwana biyu, tana da gaskiya. Daga ranar ita ce ke riƙe da katin asibiti, ita ke tuna mini ranar allura.

Ba mu shirya kafa wata ƙungiya ba, har yau ma ba mu da suna ko shugaba. Alhaji ne ya zo wata Asabar da wani tsohon direban tirela daga Aboabo. Daga baya wani mai walda Ba'asante ya biyo mu, sai wani malamin makaranta mai ritaya. Muka zama biyar a bencin nan, Kirista uku, Musulmi biyu, muna shan shayi, Hausa da Asante suna cuɗanya. In magariba ta yi su tashi su yi salla, mu jira su. Doka ɗaya muka sa wa kanmu: ba mai rubuta wa wani magani. In wani ya zo da ganye ko ƙwaya da aka ce masa tana aiki, sai mu ce ya kai wa likitansa ya gani. Maganar kuɗi kuwa ba ta ƙarewa, gama jinyar nan tana cin aljihu. Ni sai da na sayar da wata tsohuwar mota da nake ajiye da ita. Muna gaya wa juna abin da za a tambaya a ofishin inshorar lafiya, wani lokaci mu haɗa kuɗin mota ga wanda ya rasa.

Direban nan bai daɗe da mu ba. Ya yi shekaru yana fama da ciwon baya, yana cewa zaman mota ne, ana yi masa tausa da ƙaho. Kafin ya je asibiti cutar ta riga ta shiga ƙashin bayansa. Allura ta rage masa zafi na wani lokaci, har ya yi ta ba mu dariya da labarin hanyar Wagadugu. Daga baya ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Muka riƙa zuwa gidansa a maimakon benci. Ranar ƙarshe da na gan shi ya kama hannuna ya ce, "Masta, ina da ƙanne uku. Ban gaya musu ba." Ya rasu a 2023.

Maganarsa ta tsaya mini a rai, gama likita ya riga ya gaya mini cewa wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan cuta, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran mutane, baƙar fata kuma ta fi kama mu, ta fi kuma kama mu da wuri. Saboda haka akan shawarci namiji ya fara maganar gwaji da likita tun yana wajen shekara 45, mai ita a gida ma tun yana 40. Na tuna mahaifinmu a Bawku, yadda ya ƙare kwanakinsa da wahalar fitsari da ciwon ƙugu, muka ce tsufa ne.

Sai na nemi izini a zumuntar maza ta ikkilisiyarmu in yi magana. Wani dattijo da nake girmamawa ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, irin wannan ba a faɗinta a gidan Allah. Kuma yawan ambaton ciwo rashin bangaskiya ne." Ban yarda da shi ba, har yanzu ban yarda ba. Na ce masa, "Baba, Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu an gano masa wannan cuta a 1997, bai ɓoye ba, ya yi jinya, ya ci gaba da aikin Ubangiji har ya rasu a 2021 yana da shekara 90. Shi ma rashin bangaskiya ne?" Ya ce to, in yi a taƙaice. Malamin bencinmu ne ya ba ni wannan labari, da na Nelson Mandela, wanda aka yi wa gashi a 2001 ya kuma rayu har 2013.

Na tsaya gaban maza wajen talatin, gwiwoyina suna rawa. Na kira abin da sunansa. Na faɗi maganar yatsa, wasu suka yi dariya, na ce ni ma na yi dariyar da, minti ɗaya ne ba ya kashe kowa. Ba wanda ya yi tambaya. Na koma gida ina cewa na tona wa kaina asiri a banza. Amma cikin makon nan mutum huɗu suka zo garejina ɗaya ɗaya, kowa da hujjar wai motarsa ce ke ƙara. Na huɗun shi ne dattijon da ya ja ni gefe. Ya daɗe yana zagaye kafin ya ce, "Wannan gwajin jinin, sai mutum ya yi azumi kafin a ɗiba?"

Lambata ta PSA ta sauka ƙwarai, ana dubawa duk wata shida. Kowane lokaci daren da za a ba ni sakamako ba na barci sosai, Alhaji ma ya ce haka yake yi. 'Ya'yana maza na gaya musu. Ƙanena da ke Bawku ne ya fi ba ni wuya, sau uku ina kiransa yana cewa, "Yaya, lafiyata ƙalau, fitsarina kamar na yaro." Na ce masa wannan ba shaida ba ce. A watan jiya na aika masa kuɗin mota da na gwaji ta waya, na ce in bai je ba ya mayar mini da kuɗina. Bai mayar ba tukuna. Ran Asabar zan sake kiransa daga benci, in ba Alhaji wayar.